Yadda Ake Shirya Motar Hawa ta Yau da Kullum Domin Tseren Miƙaƙƙen Layi

Tseren miƙaƙƙen layi, wanda aka fi sani da sunan drag, tsere ne na motoci biyu da ke tashi daga tsaye cik su miƙe a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya mai tsawon rubu'in mil, wato ƙafa 1,320 ko mita 402, ko da yake filaye da yawa da rabin wannan tsawon suke aiki, wato mita 201. Mafi yawan waɗanda suka fara sha'awar kai motarsu ta hawa irin wannan fili da tunani ɗaya suke zuwa, shi ne a ƙara wa inji ƙarfi. Ni kuwa ra'ayina shi ne motar titi ta fi yin asarar lokaci a cikin mita 18 na farko fiye da ko'ina a hanyar, kuma wanda ya fara da inji ya fara ne da abin da ya fi cin kuɗi ya kuma fi jinkirin biya. Lissafin da masu tsere ke amfani da shi ma ya goyi bayan haka, domin idan da ƙarfin inji kaɗai kake son rage kashi 10 cikin ɗari na lokacinka, sai ka ƙara kusan kashi 37 cikin ɗari na ƙarfi, ma'ana motar da ke da ƙarfin doki 300 sai ta haura 400. Rabin sakan da za a nema da wannan wahala sau da yawa yana kwance ne a jikin taya da kuma ƙafar direba.

Duk abin da zan faɗa a nan na fili ne da aka keɓe, mai shinge da ma'aikatan ceto. Wally Parks ya kafa hukumar tseren motoci ta NHRA a Amurka a shekarar 1951 domin ya janye matasa masu tsere daga titunan jama'a, kuma dokokin hukumar su ne filaye da yawa a duniya ke kwaikwayo, shi ya sa zan riƙa kawo su a matsayin ma'auni.

Mataki na farko: lafiyar mota da binciken shiga

Kafin a yi maganar gudu, sai motar ta zama lafiyayya, domin tashi da cikakken totur yana tona asirin duk wata ƙaramar matsala da tuƙin yau da kullum yake ɓoyewa. Ka canza baƙin mai da filtarsa idan lokacinsu ya kusa, ka duba man giya da na aksul, ka ciro fulogai ka duba launinsu da tazarar bakinsu, ka matsa tiyon lagireto da hannu ka ji ko ya yi laushi ko ya fara tsagewa, sannan ka duba fanbel. Birki yana buƙatar kulawa ta musamman, saboda a ƙarshen layi za ka tsayar da mota daga gudun kilomita 150 ko fiye a awa, kuma man birkin da ya shekara biyu ya riga ya sha danshi, tafasarsa ta yi sauƙi. Bayan haka ka ajiye motar a kan busasshen siminti ta kwana, da safe ka leƙa ƙarƙashinta. Ɗigo ɗaya na mai ko ruwa ya isa mai bincike ya mayar da kai gida, kuma yana da gaskiya, domin wanda zai biyo bayanka a kan wannan ɗigon zai taka.

Masu binciken shiga suna duba cewa batir a ɗaure yake da ƙarfe, babu notin taya ko ɗaya da ya ɓace, bel ɗin kujera yana aiki, lagireto kuma yana da gorar da ke tare ruwan da ya tumbatsa. Ana so direba ya sa dogon wando da rufaffen takalmi. A dokar NHRA, motar da ke gama rubu'in mil a sakan 13.99 ko ƙasa da haka dole direbanta ya sa hular kwano mai ingantacciyar shaida, daga sakan 11.49 kuma ana neman ƙarfen kariya a bayan kujera, sai dai an yi wa sababbin motoci da ba a taɓa tsarin kariyarsu ba sassauci. Ka karanta dokokin filin da za ka je tun kafin ka sayi komai, domin suna bambanta. Shawarata ita ce ka sa hular kwano ko da motarka ba ta kai gudun da doka ta wajabta ba.

Mataki na biyu: ka fara sanin motarka yadda take

Zuwan farko ka je da motar ba tare da ka canza mata komai ba, ka yi gudu huɗu ko biyar, ka adana takardun lokaci da ake miƙa maka a hanyar dawowa. Wannan 'yar takarda, wadda ba ta fi rasit girma ba, ita ce alƙalin duk abin da za ka yi nan gaba. A jikinta akwai saurin tashinka bayan fitilar da ke ba da izinin tashi, sai lokacin da ka kai ƙafa 60, wato mita 18, sai ƙafa 330, sai rabin hanya tare da gudunka a wurin, sai ƙafa 1,000, sannan lokacin ƙarshe da gudun da ka ƙetare layi da shi, wanda ake aunawa a ƙafa 66 na ƙarshe.

Lambobi biyu ne suka fi magana. Gudun ƙarshe yana nuna ƙarfin inji idan aka gwada shi da nauyin mota, kuma ba ya canzawa sosai ko da tashin ya lalace. Lokacin ƙafa 60 kuwa yana nuna yadda taya ta kama ƙasa. A ƙaddara kana riƙe da takardu biyu na mota ɗaya, dukkansu gudun ƙarshe kilomita 160 a awa, amma ta farko ta nuna sakan 2.3 a ƙafa 60 ta gama a 14.4, ta biyu ta nuna 2.0 ta gama a 13.9. Injin bai ƙaru da komai ba tsakanin gudun biyu, tashi ne kawai ya gyaru. Masu tsere sun daɗe da lura cewa duk sakan 0.1 da aka rage a ƙafa 60 yakan koma 0.15 zuwa 0.2 a ƙarshen layi. Ka samu littafi ka riƙa rubuta iskar taya, juyin injin da ka tashi da shi, zafin rana da yawan fetur a gefen kowace takarda, kuma daga yanzu kada ka canza abu biyu a lokaci guda, domin idan lokaci ya gyaru ba za ka san wanne ya yi aikin ba, idan ya lalace kuma ba za ka san wanne za ka mayar ba.

Mataki na uku: taya

A nan ne ya kamata kuɗinka na farko ya tafi. An ƙera tayar titi ne domin ta daɗe, ta kori ruwan sama, ta kuma riƙe kwana, saboda haka robarta tana da tauri, gefenta ma haka. Da irinta, motoci masu jan baya ko jan gaba, wato waɗanda tayoyin baya ko na gaba ne ke jan su, galibi tsakanin sakan 2.0 da 2.3 suke yin ƙafa 60. Abin da za ka iya yi mata kyauta shi ne rage iska a tayoyin da ke jan motar, domin faɗin robar da ke taɓa ƙasa ya ƙaru. Ka riƙa rage psi biyu, wato ma'aunin iskar taya, a kowane gudu kana duba takarda, kuma ka yi amfani da geji guda ɗaya mai kyau, domin geji biyu ba safai suke faɗin abu ɗaya ba. Tayar titi ba ta cika amfana da sauka ƙasa da psi 25 ko makamancin haka ba, saboda daga nan tsakiyarta yakan lotsa ciki, gefuna kaɗai su rage a ƙasa, motar kuma ta fara lilo idan gudu ya yi nisa. Tayoyin da ba sa jan motar kuwa a ƙara musu iska har kusa da iyakar da aka rubuta a gefensu, domin su gangara da sauƙi.

Idan ka ga ka kai ƙarshen abin da tayar titi za ta iya, sai ka nemi wadda masu sayarwa ke kira drag radial. Robarta tana da laushi, zanenta kaɗan ne, gefenta kuma yana ɗan lanƙwasawa a lokacin tashi ya shanye bugun farko maimakon ya bari taya ta zame. Ana tafiyar da ita da iska kaɗan, sau da yawa tsakanin psi 15 da 20, bisa ga umarnin kamfanin da ya yi ta. Hikima ita ce ka sa ta a kan wasu wili na daban, ka ɗaura a fili ka cire kafin ka koma gida, domin tana saurin cinyewa kuma tana da haɗari a kan jiƙaƙƙen titi. Idan birkin motarka ya ba da dama, ƙaramin wili mai taya mai tsawon gefe ya fi babban wili mai siririyar taya kama ƙasa. Akwai kuma taya marar zane sam, ta tsere zalla, wadda ta fi kowace kamu, amma tsarin zarenta daban yake da na tayar titi, kuma haɗa ta a baya da tayar titi a gaba yakan sa mota ta riƙa karkaɗa bayanta a babban gudu. Ba na ba mai farawa shawarar ta.

Akwai abin da ya kamata ka sani tun yanzu. A da, idan ƙarfi ya yi yawa taya ce ke zamewa ta sauke nauyin, amma da zarar ta fara kamawa, duk bugun zai koma kan kuloci da farfela da shaf da haƙoran aksul. Ka duba su da kyau kafin ka ɗaura taya mai kamu, kuma a motar jan baya ka sa zoben ƙarfen da ke kewaye farfela, wanda ke hana ta faɗowa ta caki ƙasa idan ta tsinke.

Mataki na huɗu: nauyi

Wannan aiki ne na minti goma. Ka fitar da safaya da jak da kayan aiki da tabarmin ƙafa da duk tarkacen but, wanda dama doka ba ta yarda a bar abin da zai yi yawo a cikin mota ba. Ƙiyasin masu tsere shi ne kowane kilo 45 da aka sauke yana rage kusan sakan 0.1. Litar fetur tana da nauyin kusan kashi uku bisa huɗu na kilo, don haka lita 30 da ba ka buƙata kilo 22 ne. Amma kada ka sauka ƙasa da rubu'in tanki, domin a lokacin tashi man yakan kwarara baya ya bar bakin famfo a bushe, inji ya shaƙi iska a daidai lokacin da yake tsananin buƙatar mai, kuma wannan yana iya ƙona fistin.

Mataki na biyar: ƙafafun mota da giya

Idan mota ta zabura, nauyinta baya yake komawa. Motar jan baya tana cin moriyar haka, domin nauyin yana danne tayoyin da ke aiki, don haka ana so gabanta ya ɗaga da sauƙi, kuma wasu sukan kwance sandar da ke haɗa ƙafafun gaba biyu a ranar tsere su mayar kafin su hau titi. Motar jan gaba kuwa asara take yi, shi ya sa ake taurara bayanta da sifirin ko shokozoba mai ƙarfi domin kada ta zauna ta ɗauke nauyi daga tayoyin gaba.

Babban abokin gabar motar titi shi ne tsallen taya. Za ka saki kuloci, maimakon motar ta tafi sai ka ji duf-duf-duf daga ƙasa kamar ana dukan ta da guduma, madubi yana rawa, sandar giya tana kaɗawa a tafin hannunka. Abin da ke faruwa shi ne taya tana kamawa, robobin bushin da na mazaunin inji suna miƙewa, taya ta kuɓuce, ta sake kamawa, sau da yawa a cikin sakan ɗaya, kuma kowane kamu bugu ne a kan shaf. Da ka ji haka ka ɗaga ƙafa daga totur nan take, ka haƙura da wannan gudun, domin ci gaba da takawa shi ne hanya mafi sauri ta karya aksul. Maganinsa shi ne sabunta bushin da mazaunin inji da masu tauri, da canza shokozobar da ta mutu.

Idan ka lura taya ɗaya ce kawai ke juyawa tana hayaƙi ɗayar tana tsaye, aksul ɗinka irin na sake ne, wanda ke tura ƙarfi ga tayar da ta fi sauƙin zamewa, kuma sa masa irin wanda ke kulle ɓangarorin biyu idan ɗaya ya fara zamewa yana cikin gyare-gyaren da suka fi biya. Canza haƙoran aksul ma yana taimakawa, misali daga 3.08 zuwa 3.73 yana ƙara ƙarfin da ke isa taya da kusan kashi 21 cikin ɗari a kowace giya, sai dai injin zai riƙa juyawa da yawa a doguwar tafiya ya ƙara shan mai, kuma dole ka lissafa kada ya tilasta maka ƙarin canjin giya dab da layin ƙarshe.

Mataki na shida: zafi, mai, sannan ƙarfi

Inji iska yake ci, kuma iska mai sanyi ta fi mai zafi cika. Wannan ne ya sa mota ɗaya take yin lokaci mafi kyau da daddare fiye da tsakar rana, kuma injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yake rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 na tsayin wuri sama da teku. Ba ka da iko da yanayi, amma kana da iko da zafin da ke taruwa a ƙarƙashin bonet. Tsakanin gudu da gudu ka kashe inji, ka buɗe bonet, ka ba shi minti ashirin zuwa talatin, kuma kada ka bar shi a silo a cikin layin jira. Wasu sukan ɗora jakar ƙanƙara a kan bututun shigar iska, wanda yana aiki, muddin an cire ta an goge ruwan tas kafin a shiga hanya. Ka sha fetur mai lambar okten, wato ma'aunin juriyar mai ga ƙwanƙwasar inji, da kamfanin motar ya ce ko sama da haka, domin idan ƙwaƙwalwar mota ta ji inji yana ƙwanƙwasa, da kanta take rage masa wuta, ƙarfi ya ragu ba tare da ka sani ba.

Sai bayan lokacin ƙafa 60 ya daidaita ne ƙarin ƙarfi yake da ma'ana. A injin da ba shi da turbo, filtar iska da salansa mai faɗi kaɗan suke ƙarawa, kada ka sa musu rai da yawa. A mai turbo kuwa, sake tsara ƙwaƙwalwar mota yana kawo canji babba, amma a hannun ƙwararren da zai auna cakuɗar mai da iska a kan na'ura, kuma bayan an tabbatar famfon mai da kuloci za su ɗauka.

Mataki na bakwai: a bakin layi

Kafin a kira ka, ka kashe esi tun da wuri, domin ruwan da yake ɗigarwa yana jiƙa wurin tashi, ka rufe gilasai, ka kashe na'urar hana zamewar taya idan tana yanke maka wuta da yawa. Za ka tarar da wani wuri da aka jiƙa da ruwa domin masu ɗumama taya. Idan tayar titi gare ka, ka kewaye shi, saboda zanen tayar yana kwasar ruwa ya kai shi har layi, kuma juyi ɗaya gajere a busasshen wuri ya isa ya kakkaɓe tsakuwa. Mai drag radial zai taɓa ruwan da tayoyin ja kaɗai, ya juya su na 'yan sakanni har hayaƙi ya fara fitowa, ya tsaya a nan. Daga nan ka daidaita tayoyinka a kan baƙaƙen sawu biyu da motocin da suka riga ka suka bari, domin a nan roba da sinadarin danƙon da ake fesawa suka fi kauri, har za ka ji takalmi yana mannewa idan ka taka wurin.

Ka matsa a hankali har ƙaramar fitilar farko da ke saman sandar fitilu ta kama, ka jira abokin karawarka ya kunna tasa, sannan ka ƙara gangarawa kusan inci bakwai har ta biyu ta kama, ka tsaya cik. A tsarin da ake yi wa masu motocin titi, fitilu uku masu ruwan ɗorawa suna sauka ɗaya bayan ɗaya da tazarar rabin sakan, sannan koriya. Ka tashi da zarar ta ukun ta haska, domin kafin ƙafarka da motar su amsa koriyar ta riga ta kama. Agogon lokacinka ba ya fara ƙirga sai tayarka ta bar layi, saboda haka a ranar gwaji kada fitila ta ruɗa ka, ka mayar da hankali ga tashi mai tsafta.

A mota mai otomatik, ka danne birki da ƙafar hagu, ka ɗaga juyin inji kaɗan da ta dama, ka saki birki sannan ka bi da totur a jere har ƙasa, kada ka buga shi lokaci guda idan taya ba za ta ɗauka ba, kuma kada ka daɗe a wannan riƙon domin yana dafa man giya. A mai kuloci, ka fara daga matsakaicin juyi, ka sake shi da sauri amma a sulale, ba da fizga ba. Idan taya ta zame ka rage juyi 200 ko 300 a gudu na gaba, idan injin ya nutse kamar zai mutu ka ƙara. Ka canza giya dab da jan layin agogon juyi ba tare da ka bari ya buga iyaka ba. Idan motar ta fara karkata daga sawunta, ka ɗaga ƙafa, kada ka yi kokawa da sitiyari, idan kuma ka ji wani abu ya fashe ko ka ga hayaƙi, ka raɓa gefe ka tsaya nan take domin kada ka ja mai a tsawon hanya.

Bayan ka ƙetare layi ka saki totur, ka taka birki a hankali kana ƙarawa, kuma kada ka gitta gaban ɗaya motar wajen fita, wanda ke kusa da mafita shi ke fara juyawa. Da ka koma wurin ajiya ka auna iskar taya tun tana da zafi ka rubuta, ka leƙa ƙarƙashin mota. Idan ranar ta ƙare, ka mayar da tayoyin titi da iskarsu ta asali, ka ɗaura sandar gaba idan ka kwance ta, ka kunna na'urar hana zamewa, ka ɗaure notocin taya da sifana mai awo, sannan ka sake bin su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 80.